Yadda ake kiwon ƙurungu mai ɗige-ɗige a tankin gilashi a gidajen Jidda da Makka

Duk wanda ya taso kusa da Kwara, ko Binuwai, ko Tafkin Chadi, ya san ƙurungu a kwandon masunta da tukunyar miya. To shi ne dai ake sayarwa a shagunan kifin ado na Jidda da Makka, ɗan ƙarami da bai wuce tsawon yatsa ba, an rubuta masa Synodontis a jikin gilashi ana ƙirga masa riyal. Dangi ne babba, sun haura iri 120, kuma dukkansu 'yan Afirka ne. 'Yan'uwanmu na Sudan suna ce masa gargur, kuma irin da ke cikin Nilu abinci ne a can har gobe. Waɗanda ake kawowa don ado su ne masu ɗige-ɗige a jiki, kuma a ganina sun dace da mai farawa ƙwarai: suna cin kusan komai, ba su da yawan laulayi, kuma idan an riƙe su da kyau suna haura shekara 10, wasu har 15.

Sai dai juriyar nan ita ke jawo masa. Mutanenmu sun saba ganin tarwaɗa ta kwana a baho da ɗan ruwa kaɗan, gari ya waye tana nan da ranta, sai su ɗauka ƙurungu ma haka yake tunda duk gashin baki gare su. Ba haka ba ne. Tarwaɗa tana da wata halitta a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari kai tsaye. Ƙurungu ba shi da ita, iskar da ta narke a cikin ruwa ce abin dogaronsa. Idan ruwan ya yi zafi ko ya ɓaci, ba shi da inda zai dosa. A garin da famfo ke fitar da ruwa mai ƙuna da azahar, kuma mutane ke kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, su kulle gida su tafi hutu, rabin aikin kiwon nan a kan ruwa yake.

Wane ƙurungu za ka saya

Ka yanke wannan shawara tun kafin ka sayi tanki, domin girman kifin shi ke nuna girman gidansa. Wanda ya fi yawa a shaguna shi ne Synodontis eupterus, mai doguwar tuta a gadon baya wadda ke barbaje kamar gashin tsuntsu idan ya girma. Shi ne ɗan gida, yana cikin Kwara da Tafkin Chadi da Volta da Farin Nilu, kuma daga Farin Nilu aka fara rubuta bayaninsa a 1901. Yana ƙarami jikinsa zane-zane ne masu lanƙwasa, sai ya fara girma zanen ya tsinke ya koma ɗige-ɗige baƙaƙe. Yana kai santimita 20, wani lokaci ya wuce, don haka ɗaya tak yana buƙatar tanki na lita 200.

Wanda gidansa ba shi da fili ya nemi Synodontis nigriventris na kogin Kwango. Ba ya wuce santimita 10, kuma shi ne mai iyo a rigingine, ciki sama, baya ƙasa. Cikinsa ya fi bayansa duhu, akasin sauran kifaye, saboda cikin ne ke fuskantar sama. Yana son zama cikin 'yan'uwa, huɗu ko biyar a lita 100.

Akwai biyu daga Tafkin Tanganyika: petricola, mai farin baki a gefen fiffike, wanda ke tsayawa wajen santimita 10, da multipunctatus mai manyan idanu da manyan ɗige-ɗige. Su waɗannan ruwa mai nauyin ma'adinai suke so, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, daga 7.5 zuwa 8.5, yayin da 'yan kogi ke jin daɗi tsakanin 6.5 da 7.5. Sai angelicus na Kwango, baƙi mai fararen ɗige-ɗige, wanda ya fi su kyau da tsada da faɗa. A bar wa masu babban tanki shi.

Wani abu da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba: da yawan waɗanda ake sayarwa ruwa biyu ne, an haɗa iri biyu a gonar kifi ta hanyar allura. Ba laifi gare su ba, suna da ƙarfi, amma ba ka san inda girmansu zai tsaya ba. Idan an rubuta petricola amma farashin ya yi araha da yawa kuma gefen fiffiken ba fari tas ba ne, ka shirya masa kamar zai kai santimita 20.

Tanki da wurin da zai zauna

Ƙurungu ɗan ƙasan ruwa ne, faɗin daɓe ya fi masa amfani a kan tsayi. Dogayen tankunan nan sirara da ake jerawa a falo don ƙawa ba nasa ba ne. Don sanin yawan ruwan da tanki zai ci, ka ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, ka raba da 1000. Tanki mai 120 da 45 da 45 yana cin lita 243. Kowace lita kilo ɗaya ce, idan ka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu kana maganar abin da ya haura kilo 300. Teburin talabijin ba zai ɗauka ba. Ka sayi mazaunin da aka yi don shi, ka shimfiɗa siririn soso tsakaninsa da gilashin, ka tabbatar bai karkata ba kafin ɗigon ruwa ya shiga.

Ka nisanta shi daga taga da rana ke bugawa, domin za ta dafa ruwan ta kuma cika gilashin da gansakuka. Ka nisanta shi daga saitin bakin mukayyif, da kicin, da ƙofar da yara ke bankawa. Murfi dole ne, mai rufewa ruf, saboda ƙurungu yana tsalle da dare, musamman a makonsa na farko.

Ruwa

A nan zan daɗe. Yawancin ruwan da ke zuwa gidajen Jidda da Makka daga Bahar Maliya yake, an cire masa gishiri a manyan tashoshi irin ta Shu'aiba da ke kudu da Jidda, an mayar masa da ɗan ma'adini, an sa masa kilorin. Daga nan ya sauka a tankin ƙasa na gini, ko ta bututu ko ta motar wayit, wato tankar ruwa, famfo ya tura shi tankin saman rufi. Abu uku ke biyo bayan wannan tafiya.

Na farko kilorin. Yana ƙona mashaƙar kifi, yana kuma kashe bakteriya masu amfani da ke cikin filta, wato na'urar tace ruwan tanki. Ana sayar da maganin kashe shi a kowane shagon kifi, ɗigo kaɗan ne a bokiti, kuma ma'aunin yana jikin kwalba. Akwai masu cewa a bar ruwa ya kwana kawai ya isa. Wani lokaci ya isa, amma akwai nau'in kilorin da ba ya tashi da kwana, kuma maganin ba shi da tsadar da za a yi caca a kansa.

Na biyu zafi. Sa hannu a ƙarƙashin famfon "sanyi" da ƙarfe biyu na rana a watan Agusta, ba za ka iya barinsa ba. Tankin saman rufi ya wuni a rana, kuma Jidda gari ne da ma'aunin zafi ya taɓa nuna digiri 52 a Yunin 2010. Ƙurungu tsakanin digiri 23 zuwa 27 yake so. Ruwa mai digiri 25 yana riƙe kusan miligiram 8 na oksijin a lita, mai digiri 35 bai kai 7 ba sosai, ga shi kuma zafi yana sa kifin ya ƙara buƙatar iskar. Kenan ya rage masa ta gefe biyu. Saboda haka ba a ɗebo ruwan famfo a zuba kai tsaye. Ka tanadi jarkoki ko ƙaramin duro na roba wanda bai taɓa ganin sabulu ba, ka tara ruwa da daddare ko bayan asuba, ka bar shi ya kwana a ɗakin da tankin yake. Kafin ka zuba, ka tsoma ma'aunin zafi: kada bambancinsa da na tanki ya wuce digiri ɗaya ko biyu. Dabarar nan da aka saba ta kashe hitar banɗaki a lokacin zafi don a samu ruwa mai ɗan sanyi daga cikinta tana da kyau ga wanka, amma ban so ta ga kifi ba, don ruwan da ya daɗe a tukunyar ƙarfe yana iya ɗaukar jan ƙarfe, shi kuwa guba ne ga kifi marar ɓawo.

Na uku ma'adini. Ruwan da aka tace daga teku yakan zo da ƙarancinsa, kuma yana bambanta daga unguwa zuwa unguwa, har daga wayit zuwa wayit. Ka sayi kayan gwaji na ɗigo, ba na takarda ba, masu auna pH da KH da amoniya da naitirait da naitiret. KH shi ne ƙarfin ruwa na riƙe pH ɗinsa kada ya rufta. Idan ya gaza 3 ko 4, wata rana za ka wayi gari ruwan ya yi tsami, kifi sun kwanta, ba ka san dalili ba. Maganinsa ɗan ƙullin dakakken murjani da ake sayarwa a shagon kifi, a sa a jakar raga a cusa cikin filta. Tafin hannu ɗaya ya isa 'yan kogi, 'yan Tanganyika kuwa a ninka musu. Ruwan galan na shagunan tahliya, masu sayar da tataccen ruwan sha, da na'urar tace ruwan kicin sun fi ƙarancin ma'adini. Mutum zai ce ai shi ne mafi tsabta, bari in ba kifina. Shi kaɗai ba ya riƙe kifi, sai an gauraya shi da na famfo ko an ƙara masa garin ma'adini.

Shimfiɗa da maɓoya

Duba bakin ƙurungu da kyau idan ya manne da gilashi. Gashin bakinsa shida ne: biyu dogaye a sama, huɗu a ƙasa masu 'yan rassa. Da su yake laluben abinci, yana shara ƙasa da su duk dare. Tsakuwa mai kaifi tana cinye su har su zama gundul. Yashi mai laushi za ka sa, kaurin santimita 3 ko 4, a wanke shi a bokiti har ruwan ya daina fari. Kada ka ɗebo yashin bakin teku, kada kuma ka tsinto duwatsu a Kurnish, wato gaɓar tekun Jidda, gishiri da farar ƙasa ne a jikinsu. Duk dutsen da kake shakka, ɗiga masa ruwan khal, wato vinega. Idan ya yi kumfa zai ɗaga pH, bai dace da 'yan kogi ba.

Maɓoya ita ce sirrin ganin kifin. Wanda bai da wurin ɓuya kullum a tsorace yake, ya dushe, ya maƙale bayan filta. Wanda ke da kogo uku yakan fito da rana ya yi shawagi don ya san inda zai koma. Guntun fayif na roba mai faɗi, da kaskon fure na yumɓu da aka kwantar, da saiwar itace ta shagon kifi duk suna aiki. Ka tabbatar kowane rami ya fi kifin faɗi ko da ya miƙe ƙayoyinsa, kuma yawan maɓoya ya fi yawan ƙurungun da ke ciki. Duwatsu a kan gilashin ƙasa ake ɗora su kafin a zuba yashi, don yana tono, kuma idan ya tone ƙarƙashin dutse zai iya rufta masa.

Tsiro kuwa, Anubias ya fi, shi ma ɗan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, ba ya son haske mai yawa, ganyensa kauri gare shi. Ba a binne gindinsa, ɗaure shi ake yi da zare a jikin itace.

Filta, iska da hita

Ƙurungu ci gare shi, kashi gare shi. Ka nemi filtar da ke juya ruwan tankin gaba ɗaya sau 4 zuwa 6 a awa, wato ga lita 240 kana neman mai kusan lita 1000 zuwa 1400 a awa. Ta waje mai kama da tukunya, wadda ke zama a ƙarƙashin tanki, ta fi. Ka karkata bakinta ya riƙa motsa saman ruwa, ka ƙara da famfon iska mai dutsen kumfa. A ƙasar nan ba ado ba ne, larura ce.

Za ka ce me hita za ta yi a Makka? Falon da aka saita mukayyif a 18 zai sauke ruwa ƙasa da abin da kifin ke so, ranar da aka kashe kuma ya haura 30, kuma wannan hawa da saukar ya fi zafin kansa illa. A saita hita a 25, ba za ta kunna ba sai an buƙace ta. Mutanen Madina da Ɗa'ifa da Riyad, inda hunturu ke cizo, ba sai an gaya musu ba. A sa mata rigar roba mai ramuka, domin ƙurungu yana son jingina da ita, kuma tana ƙona masa fata.

Makonnin da tanki zai zauna babu kifi

Wani mai shago zai ce maka ka zuba ruwa yau, gobe ka dawo ka ɗauki kifi. Kada ka biye masa. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, guba ce. Akwai bakteriyar da ke mayar da ita naitirait, ita ma guba ce, sai wata ta mayar da wannan naitiret, wanda ke da sauƙi kuma sauya ruwa ke fitar da shi. Waɗannan bakteriya a cikin soson filta suke zama, kuma sabuwar filta ba ta da su. Suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu.

Ka cika tanki, ka sa maganin kilorin, ka kunna komai. Kullum ka barbaɗa ɗan abincin kifi kamar akwai mai ci, ya ruɓe a ciki. Duk bayan kwana uku ka gwada ruwa. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka, sannan naitiret ya bayyana. Ranar da biyun farko suka tsaya a sifili, ka sauya rabin ruwan, tanki ya nuna. Idan kana da aboki mai tsohon tanki lafiyayye, roƙe shi ya yanko maka guntun soson filtarsa, ka kawo shi a jiƙe cikin leda ka cusa a taka, zai rage maka jira sosai. Yara za su dame ka da "Baba, wai yaushe kifin zai zo?" Ka ba su aikin ƙirga ɗigon gwaji da duba launi.

Daga ranar nan filta ba ta mutuwa, dare da rana. Uwargida na iya cewa ƙararta na hana barci a kashe da dare. Awanni kaɗan ba gudun ruwa bakteriyar ta fara mutuwa. Gara a sa ɗan soso ƙarƙashin famfon iska ya rage gurnani.

Ranar saye

Je da yamma, ka tsaya gaban tankin shagon ka ɗau lokaci. Kana neman mai cikakken gashin baki, idanu garau, ciki a ɗan cike ba a lotse ba, fata ba tabo ba farin ƙura. Idan akwai mataccen kifi a tankin, ko wasu suna goga jiki da dutse, wuce. Ka ce a ninka leda biyu ko uku, ko ka zo da robarka mai murfi, domin ƙayarsa tana huda leda. Daga shago sai gida, kada ka bar shi a mota ka shiga sallah ko sayayya, minti goma a rufaffiyar mota sun isa.

A gida ka kashe fitilar tanki, ka ɗora ledar a kan ruwa minti 15 zuwa 20. Sannan ka juye shi a ƙaramin bokiti, ka riƙa ƙara kofi ɗaya na ruwan tanki duk minti biyar har ruwan ya ninka. Ka ɗauke shi da kofin roba ka sake shi, ruwan shagon kuma ka zubar. Ba a kama ƙurungu da raga. Yana da ƙaya uku, ɗaya a baya biyu a gefe, masu haƙora kamar zarto, kuma idan ya tsorata yakan miƙe su ya kulle. A lokacin ne za ka ji kukan nan nasa, ƙurr ƙurr, wanda yake yi ta hanyar goga gindin ƙayar gefe a cikin gurbinta. Idan ya riga ya sarƙe a raga kada ka ja. Tsoma ragar cikin ruwa ka bar shi ya huce, in bai fita ba ka yanka ragar da almakashi. Idan ya soke ka, akwai zogi. Wanke wurin, ka tsoma a ruwan zafi gwargwadon abin da za ka iya jurewa, in ya kumbura ko ya yi ja ka je asibiti.

Kwana biyu ko uku ba za ka gan shi ba. Kada ka ɗaga kogo kana leƙe.

Abinci

Sau da yawa ana sayar da shi a matsayin mai share tanki. Yana tsince abin da ya faɗi ƙasa, gaskiya ne, amma ba ya cin kashi, kuma ba zai rayu a kan ragowar wasu ba. Tushen abincinsa ƙwayoyin nan masu nutsewa. Sau biyu a mako ka ba shi daskararriyar jar tsutsa ko yankakken jatan lande ɗanye marar gishiri. Yana son ganye: yankan kokwamba ko na kusa, ƙaramar koriyar kabewar nan, da aka soke da cokali don ya nutse, ko dafaffen koren wake da aka ɓare. Abin da bai cinye ba a cire da safe. Burodi da shinkafa da kitsen nama ba nasa ba ne, ruwa kawai za su ɓata.

Sau ɗaya a rana, bayan an kashe fitila, gwargwadon abin da zai ƙare cikin 'yan mintuna. Ba ya sanin ya ƙoshi, zai ci har cikinsa ya yi tulu, don haka rana ɗaya a mako a bar shi haka nan. Fitilar tanki awa 8 ta isa, kuma a sa mata na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta. Wannan yana da amfani musamman da azumi, lokacin da gida ke raye har sahur kuma falo ba ya ganin duhu. In ya yiwu a yafa wa gefen tankin zane ya samu darensa.

Abokan zama a taƙaice: duk kifin da zai shiga bakinsa, wata rana zai shiga. Ƙananan kifayen ado irin su tetra masu sheƙi da 'ya'yan gofi (guppy) ba sa daɗewa da babban eupterus. Tetra na Kwango, da kribensis wanda asalinsa kudancin Najeriya da Kamaru ne, da matsakaitan kifaye masu iyo a tsakiya suna zama da shi lafiya. 'Yan Tanganyika suna tafiya da dangin karfasa na tafkunan Malawi da Tanganyika. Jan kifin nan na gwal ruwan sanyi yake so, a raba su. Eupterus biyu a tanki ɗaya yawanci ɗaya zai takura wa ɗaya, gara ɗaya, ko huɗu zuwa sama a babban tanki.

Aikin mako

Zaɓi rana ɗaya ka riƙe ta, ko Juma'a da safe ko Asabar. Cire filogin hita. Da tiyo ka zuƙe kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan, kana bi saman yashi da bakin kogo inda datti ke taruwa. Ka mayar da ruwan da ya kwana, mai maganin kilorin, a hankali. Naitiret kada ya wuce 40 a ma'aunin kayan gwaji, ƙasa da 20 ya fi. Sau ɗaya a wata ka matse soson filta a cikin bokitin ruwan da ka cire, ba a ƙarƙashin famfo ba, kuma ba sai ya yi fes ba. Kwashe komai a wanke tanki da sabulu, kamar yadda wasu ke yi gabanin sallah, mayar da hannun agogo baya ne. Kafin ka tsoma hannu ka ɗauraye shi da ruwa zalla, musamman idan ka shafa turare ko mai.

Feshi, turare da tafiya

Maganin sauro da na kyankyasai na fesawa yana kashe kifi da ɗan kaɗan, kuma famfon iska iskar ɗaki yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Idan za a yi feshi, kashe famfon iska, ka bar filta tana aiki, ka lulluɓe tankin da leda da jiƙaƙƙen tawul, sai an buɗe tagogi warin ya fita sannan ka yaye. Turaren wuta bai kai nan ba, amma a nisanta kasko daga famfon, don hayaƙin yana barin maiƙo a saman ruwa.

Idan mukayyif ya lalace ruwa ya doshi 30, kashe fitila, ka ɗaga murfi ka sa raga a madadinsa, ka saita ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwa. Tana sauke digiri biyu ko uku, kuma ta fi aiki a busasshiyar iskar Makka a kan laimar Jidda. Gorar ruwa daskararriya a rufe, a bar ta tana yawo a sama, tana taimakawa. Kada a zuba ƙanƙara tsirara. A rage abinci har zafin ya wuce.

Tafiya ita ce babbar jarrabawa, ko hutun makaranta ko aikin Hajji da ke raba mutum da gida kwanaki. Babban ƙurungu lafiyayye yana yin mako guda ba abinci ba abin da zai same shi. Abin da ba zai jure ba shi ne rufaffen gida a Yuli ba mukayyif. A bar shi a kunne a 26 ko 27, kuɗin wutar yana cikin kuɗin kiwo, kuma duk mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa. Ka sauya ruwa kwana biyu kafin ka tashi. Wanda za ka bar wa makulli kada ka miƙa masa gwangwanin abinci, don tausayi zai sa ya juye rabi. Ƙulla kowane ci a takarda daban ka ce, "Yaya, ƙulli ɗaya duk bayan kwana biyu, ko ya yi maka kallon yunwa kada ka ƙara. Abin da nake so ka duba shi ne filta tana gudu, ɗakin kuma da sanyi."

Idan ciwo ya zo

Wanda ya fi yawa shi ne fararen ƙuraje ƙanana, girman ƙwayar gishiri, a fiffike da jiki, kifin yana goga kansa da dutse. Yakan biyo bayan sabon kifi ko faɗuwar zafi farat ɗaya. Da yake ƙurungu fata ce zalla ba ɓawo, magunguna masu jan ƙarfe da koren maganin nan na malakait suna shigarsa fiye da sauran kifaye. Nemi wanda aka rubuta ya dace da kifi marar ɓawo, in ba haka ba ka sa rabin ma'auni. Cire gawayin filta don yana shanye magani, ka ɗaga zafi a hankali zuwa 29, ka ƙara iska. Ka ci gaba kwanaki bayan ƙurajen sun ɓace, domin magani ba ya samun ƙwayar cutar sai lokacin da ta bar jikin kifi tana yawo a ruwa. Gishiri da wasu ke zubawa da hannu a kowace matsala, a yi hattara da shi. Duk sabon kifi ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙaramin tanki daban kafin ya shiga babba.

Idan ka ga yana haki, ko ya dushe, ko gashin baki yana gajarta, kafin ka sayi kowane magani gwada ruwa ka sauya kashi ɗaya cikin uku. Rigingine kuwa ba ciwo ba ne. Nigriventris haka yake wuni, eupterus ma yakan manne da rufin kogo ciki sama.

Kada ka sa ran 'ya'ya daga 'yan kogi, da wuya su hayayyafa a gida. Multipunctatus kuwa dabararsa daban: yana jira dangin karfasa masu renon ƙwai a baki su fara zuba ƙwai, ya kutsa ya zuba nasa, uwar ta kwashe duka. Nasa ne ke riga ƙyanƙyashewa, su cinye na mai baki.

Mu masu zaman haya ƙaura ba ta ƙare mana. Ba a ɗaga tanki da ruwa a ciki ko kaɗan ne, gindin zai tsage. Hana kifin abinci kwana ɗaya, ka sa shi a kula mai murfi da ruwan tankinsa, soson filta a wani bokiti shi ma cikin ruwan tanki, ka cika jarkoki da rabin tsohon ruwan. Tankin ya zama na ƙarshen fita daga tsohon gida kuma na farkon haɗawa a sabo, a yi jigilar da dare ko bayan asuba. Makon farko a can ka rage abinci, ka kuma gwada ruwan famfon sabon ginin kafin ka yarda da shi.